Masu Dagi da Masu Digiri: Nazarin Yadda Ake Gano Tarihin da Ke Binne

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kamar mita 5. Da ya so, da ya farfasa shi ya ci gaba da neman ruwansa. Sai ya sanar da mai gari, magana ta yi ta hawa har ta kai Jami'ar Maiduguri. A 1994 Abubakar Garba na wannan jami'a da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka jagoranci tone shi. Ashe kwalekwale ne da aka fafe daga gungume guda, tsawonsa mita 8.4, shekarunsa wajen 8,000. Cikin jiragen ruwan da aka gano a Afirka babu wanda ya girme shi. An sassaƙa gabansa da bayansa da tsini, aikin gwanin da ya gaji sana'ar, a zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa.

Duk wanda ya bi tarihin ilimin tonon kayan tarihi a wannan yanki zai lura cewa masani kusan kullum shi ne na biyu a wurin. Mai haƙar rijiya, ɗan kuza, manomi, su ne idon farko. Kuma suna da nasu karatun ƙasa: mai dagi ya san inda jar ƙasa ta ƙare marmara ta fara, ya san yumɓu da rairayin da ke gab da ruwa, saboda haka baƙon abu ba ya ɓuya masa.

Haka aka yi da Nok. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 wani kai ya fito a wajen Jama'a, magatakardan ma'adinai ya ɗauka ya kafa a gonar doyarsa don tsorata masu ɓarna, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, jami'in mulkin Ingila da ya karanci wannan fanni. Fagg ya ga kamar da ke tsakanin kawunan biyu, ya roƙi 'yan kuza su riƙa kawo abin da suka samu, kuma a kan wannan tarin aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Littattafai suna kiran Fagg da sunansa, wanda ya cancanta, leburorin kuwa an dunƙule su a kalma ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma rashin yabo ba shi ne babbar asarar ba. Kan Nok abin kallo ne: idanu masu kusurwa uku da aka huda tsakiyarsu, kitso iri-iri, tsakiya a wuya, ciki kuma a rarake don kada wuta ta fasa shi wurin gashi. Sai dai kan da aka fizge daga raminsa ba ya iya faɗin komai game da masu shi. Labarin yana jikin abin da ke kewaye da shi, wato gawayin da ake auna shekaru da shi, ƙonannun ƙwayoyin hatsi, da tsingaron tukwane. Tun daga 2005 da masanan Frankfurt suka fara tono a tsanake tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, irin wannan tarkacen ne ya nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wurin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake. A Taruga kuma tun shekarun 1960 aka tono matoyan narkar da tama, daga cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken da aka buga a 2021 tare da masanan Jami'ar Bristol. Tukunyar ƙasa tana tsotse maiƙon abin da aka dafa ko aka ajiye a cikinta. Aka niƙa ɓarɓashin tsingaro, aka tace abin da ya tsotsa, sai ga alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da suka riƙe maiƙo. Ke nan shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a ƙasar. Wannan ilimi ya fito ne daga fasasshiyar tukunyar da ɗan kasuwa ba zai ba da ko sisi a kanta ba.

A nan ne kasuwa ta yi mana illa. A shekarun 1990 dillalai suka baza kuɗi a ƙauyuka, matasa suka bar gona suka koma haƙa, aka rarake wurare masu yawa na Nok. Siffofin yumɓu da masu saye a Turai suke kira na Sakkwato da na Katsina, da waɗanda aka kwasa a Kwatarkwashi, yawancinsu ta wannan hanya suka fita, ba tare da an rubuta ramin da kowanne ya fito ba. A Nijar, maƙabartar Bura da Boubé Gado ya tona a 1983 ta sha irin wannan wawaso bayan an baje kolin kayanta a Faransa. A 2000 ma an ga siffofin Nok a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar su a hannun Faransa aro na shekara 25.

Ban ga laifin talakan da ya sayar ba kamar yadda na ga laifin tsarin. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fataucin kayan tarihi da haƙa su ba izini. To, wa ya taɓa karanta wa mai haƙar rijiya wannan doka da Hausa ko Fulfulde ko Barbarci? Dillali yana zuwa har ƙofar gida da kuɗi a hannu, yana jin harshen mutane. Sakamakon bincike kuwa yana fita da Turanci ko Jamusanci a mujallun da ko ɗaliban jami'o'inmu ba sa samu. Ga kuma wanda zai ga siffa ya ce gunki ne ya rotsa ta, alhali auna shekarun abu da sanin abincin mutanen da suka shuɗe ba su haɗa hanya da bauta ba, kuma malamanmu za su iya bayyana haka a wa'azi guda.

Yanzu ana haƙar zinariya a Zamfara, ana fasa hanyoyi da tona rijiyoyin burtsatse a ko'ina, ƙasa tana juyewa fiye da kowane lokaci. Ya kamata kowane dagaci da mai unguwa ya san ofishin da zai kira idan dagi ya bugi tukunya, a kuma tanadi lada bayyananne ga wanda ya bar ta a inda take har masana su iso, a rubuta sunansa a jikin allon gidan tarihi kusa da na farfesa.