Wadda Aka Bari a Waje

Ku 'yan makaranta, mun karance littafi na bakwai, watau na ƙarshe, na labarun ƙasar Narniya, wanda C. S. Lewis ya wallafa, aka buga shi a Ingila cikin 1956. Ba mu jin kunyar gaya muku, sai da muka share hawaye.

Farkonsa abin dariya ne. Wani makirin biri ya yafa wa jaki fatar zaki, aka ce wa talakawa ai Aslan ne, babban zakin nan, ya komo. Amma dariyar ba ta jima ba. Ƙarya ta ci ƙasa, aka rinjayi Sarki Tirian, taurari suka zubo, rana ta mutu. Duk wanda ya saba da ƙasar nan tun littafi na fari, lalle ya ji kamar garinsu ne ya tashi.

To, ga inda muka saɓa da mawallafi. Cikin 'yan'uwa huɗu da suka yi sarautar Narniya, uku sun mutu a haɗarin jirgin ƙasa, da su da iyayensu, aka shigar da su ni'ima. Susan kaɗai ba ta ciki, wai don hankalinta ya koma kan kwalliya, ta ce Narniya wasan yara ce. Ana ta murna, ba wanda ya tambayi wa zai yi mata ta'aziyya. Assha! Yarinya ta rasa gidansu kaf rana ɗaya.

Ku karanta shi, ku yi kukanku. Amma in kun zo shafin ƙarshe, ku tuna da Susan.