Manhajar Ƙetare da Ɗan Ƙaramar Sakandare a Zamfara

A Abuja da Kano da Kaduna, makarantun kuɗi da dama sun mayar da "manhajar Birtaniya" ko "manhajar duniya" abin talla a allon ƙofarsu, sunan kuma yana jan hankalin iyaye masu hali har a Gusau. Galibi ana nufin ɗaya daga tsare-tsare uku: na Cambridge, domin 'yan shekara 11 zuwa 14, ko MYP, wanda ƙungiyar IB ta fito da shi a 1994 domin 'yan shekara 11 zuwa 16, ko IMYC, wadda kamfanin Fieldwork Education na Ingila ya fito da ita. Dukansu sun faɗo a kan shekarun da yaronmu yake aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A ganina akwai abin aro a cikinsu, amma ba sunan ba ne, ba kuma littattafan ba. Abin aro shi ne yadda suke ɗaure darussa wuri guda, kuma wannan dabara ba ta ci sai da kayan gida.

Matsalar da suka hango sananniya ce. Yaro ya baro firamare inda malami ɗaya ya san shi ciki da waje, ya faɗo inda malamai kusan goma suke shiga suna fita, kowa ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa. A daidai shekarun da yaro ya fara tambayar amfanin abin da ake koya masa, babu mai nuna masa inda lissafi ya haɗu da kimiyya. IMYC tana ɗaukar jigo ɗaya na kimanin mako shida, kowane malami ya koyar da fanninsa ta kansa, a ƙarshe ɗalibai su gabatar da aiki. MYP ta wajabta wa makaranta darasin haɗin gwiwa tsakanin fannoni aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Mu ma mun taɓa haɗawa: manhajar shekara tara ta hukumar NERDC, wadda ta fara aiki a 2008, an yi mata gyara a 2012, aka tara darussa da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. Sai dai haɗin ya tsaya a takarda, malamai suka ci gaba da zaman kowa tasa ta fisshe shi.

A duba abin da ke hannunmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe. Wannan jigo ɗaya ya isa ya riƙe aji biyu na wata makaranta a Gusau rabin zango. Malamin kimiyya ya nuna yadda dalma take shiga jini ta lalata ƙwaƙwalwa. Malamin lissafi ya sa a auna ribar haƙar da asarar jinya. Malamin zamantakewa ya buɗe zancen haƙƙin da ke kan hukuma da kan mai gari. Malamin Hausa ya sa a rubuta sanarwar faɗakarwa irin wadda za a karanta a rediyo. Ɗalibin Tsafe yana da 'Yandoto a kusa da shi, tsohuwar cibiyar malamai tun kafin jihadi, da saɓaninta da Muhammadu Bello, da alaƙarta da kafuwar Gusau a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa. Abin takaici ne a ce an cire darasin tarihi daga manhaja shekara da shekaru, sai a 2022 aka yi bikin dawo da shi. Ɗalibin Bunguɗu kuwa ga kogin Sakkwato da noman rani, ga dutsen Kwatarkwashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a littafin da aka rubuta domin yaron Landan.

Wani zai ce wannan zancen ƙoshi ne a jihar da aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, inda iyaye a ƙauyukan Tsafe suke gudun hijira, ajujuwa ba rufi, malamai ba su isa ba. Gaskiya ne, tsaro da rufi su ne gaba, shi ya sa gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023. Amma yaron da ya samu ya iso aji duk da wannan wahala shi ya fi cancantar darasin da zai riƙe shi, domin a shekarun nan ne ramin zinariya da kasuwa da aure suke kiransa. Kuma abin da ake nema ba ya buƙatar kwamfuta ko janareta. Zama ne na malamai huɗu ko biyar kafin a buɗe zango, su shirya tare.

Wani kuma zai ji tsoron baƙuwar tarbiyya, tsoron kuma yana da tushe idan littafin ƙetare aka ɗauko dungurungum, domin zanen aro ba ya rufe katara. Sai dai haɗa fannoni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajirin da ke karatun Risala a zaure yana koyon Larabci da fiƙihu a zama ɗaya, malam yana fassara masa da Hausa, in an zo babin gado kuma dole ya iya lissafi. Hujjar masu suka da ta fi ƙarfi ita ce ta jarrabawa: BECE fanni-fanni take tambaya, shugaban makaranta kuma da sakamako ake auna shi. Wannan ya sa ba na ganin a rushe jadawali. Jigo ɗaya a zango ya wadatar, a ɗauko shi daga batutuwan da tuni suke cikin manhaja, kamar gurɓatar muhalli da kaso cikin ɗari.

Sayen rajista daga Cambridge ko IB da kuɗin waje ba zai wuce 'ya'yan gidaje ƙalilan ba, kuma bai kamata baitulmalin jiha ya nufi can ba. Aikin yana hannun Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, inda ake horar da malaman da za su tsaya a gaban waɗannan yara. Ya kamata su sa kowane ɗalibin NCE ya shirya darasin haɗin gwiwa a kan wani batu na garinsu kafin ya fita koyarwar gwaji, ma'aikatar ilimi kuma ta ware wa malamai lokacin zama tare a cikin jadawalin makaranta.