Sharhi a kan Fim ɗin The Constant Gardener: Wace Maƙarƙashiya ce Ta Cancanci a Saurare Ta?

Da wuya a yi zaman hira a tsakaninmu ba a taɓo zancen maƙarƙashiyar gwamnatoci ba, kuma nan take ake rabuwa gida biyu. Wasu duk abin da ya faru sai su ce da hannun Turawa a ciki, wasu kuwa, musamman waɗanda boko ya ratsa, da jin kalmar sai su yi dariya su ce zancen teburin mai shayi ne. Wannan ya sa na ga ya dace mu waiwayi wani fim da ya tsaya a kan wannan batu, wato The Constant Gardener, wanda Fernando Meirelles ya ba da umarni a 2005, daga littafin da John le Carré ya fitar a 2001.

Labarin a ƙasar Kenya yake. Justin Quayle ƙaramin jami'i ne a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Nairobi, mutum mai sanyin hali wanda ba ruwansa da komai sai shuke-shukensa. An kashe matarsa Tessa a kusa da Tafkin Turkana, kuma a wajen bin sawun mutuwarta ne ya gano cewa wani kamfani yana gwada sabon maganin tarin fuka a kan talakawa, maganin yana kisa, ana ɓoye gawarwakin, manyansa na ma'aikatar harkokin waje kuma sun sani sun rufe, saboda ayyukan yi da kamfanin zai samar a gida.

Abin da na fi yaba wa fim ɗin shi ne bai kumbura maƙarƙashiyar ba. Babu wata ƙungiyar asiri mai juya duniya. Mutane ƙalilan ne masu suna da muƙami, dalilinsu kuɗi da kare kujera, makaminsu kuma wasiƙa da rahoton da aka danne. Duk maƙarƙashiyar da tarihi ya tabbatar haka kamanninta suke. Alal misali, daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee, ta bar su babu magani ko bayan da aka samu penisilin, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Wani ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, shi ya kai wa 'yan jarida labarin, kuma sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara.

Mu kam ba sai mun je Amurka neman misali ba. Babu Bakanon da zai kalli fim ɗin nan bai tuna 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a 2000, daga baya aka gano cewa takardar amincewa da gwajin bayan an gama aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Saboda haka ɗan bokon da ke yi wa mutanenmu dariya idan sun yi ɗari-ɗari da maganin kyauta, ya sani cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To amma fim ɗin yana da rauni biyu. Na farko, 'yan Afirkan cikinsa kusan duk 'yan kallo ne, ko marasa lafiya ko gawa. Likita baƙar fata da ke aiki da Tessa, Arnold Bluhm, an fi amfani da shi wajen sa wa mijin zargi kafin a kashe shi. Alhali a Kano iyayen yaran da lauyoyinsu ne suka yi shekaru suna zarya a kotunan Nijeriya da Amurka. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, fim ɗin ya sauƙaƙa samun hujja. Wasiƙa ɗaya aka karanta a taron juyayin Justin a Landan, asiri ya tonu. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa zargi da gaskiya tagwaye ne, duk wanda ya yi zargi yana da gaskiya, lokaci kawai ake jira.

Mun ga inda wannan tunani ya kai mu. A 2003 aka baza cewa an sa maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau a ɗigon rigakafin shan inna, Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka kawo wanda aka yi a Indonesiya. Wannan ɗigon ana ba ɗaruruwan miliyoyin yara a ƙasashen Musulmi da waɗanda ba na Musulmi ba, kuma waɗanda aka ɗiga wa sun girma sun hayayyafa. Sakamakon haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiyar. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, kuma sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru suna nan a titunanmu a kan kekunan guragu.

Akwai kuma abin da fim ɗin bai taɓo ba, wato wani lokaci ita kanta jita-jitar gwamnati ce ke ƙera ta. Zancen cewa Amurka ce ta ƙirƙiri ƙanjamau a ɗakin gwaji, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, ita ta dasa shi a wata jarida a Indiya a 1983, kuma shugaban leƙen asirin Rasha, Yevgeny Primakov, ya amsa haka a 1992. A ɗaya ɓangaren, CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan a 2011 wajen farautar Usama bin Laden, abin da ya ƙara jefa masu rigakafi na gaskiya cikin haɗari. Kowane ɓangare ya yi wasa da lafiyar talaka don biyan buƙatarsa.

A ganina, ɗaukar zargi da muhimmanci yana nufin a bincike shi, kuma binciken yana da tambayoyi. Wa ake zargi, da sunansa? A ina, a wace shekara? Mutum nawa ne dole su yi shiru kafin abin ya yiwu? Wace hujja ce in ta bayyana mai zargin zai janye maganarsa? Zancen Tuskegee da na Trovan sun amsa waɗannan tambayoyi. Zancen ɗigon shan inna bai amsa ba, domin duk sakamakon da ya wanke shi sai a ce ai su ma masu gwajin an saye su.

Ina ba 'yan uwa shawara su nemi fim ɗin su kalla, ko don wasan Rachel Weisz da ya ba ta kyautar Oscar a 2006. Amma mu tuna cewa idan mun koma gida mu za a tambaya, shin allurar nan lafiya? A cikinmu akwai masu karanta likitanci da harhaɗa magunguna da shari'a da aikin jarida. Haƙƙin iyayenmu a kanmu shi ne mu iya karanta takardar amincewa da gwaji, mu iya auna magani a ɗakin bincike, sannan mu faɗi abin da muka gani ko ya yi wa wa daɗi. Allah ya sa mu dace, amin.