Gwanayen Ɓoye Gawa a Cikin Labari

A shekarar 1930 William Faulkner ya fitar da wani gajeren labari mai suna A Rose for Emily. Labarin wata mata ce, Emily Grierson, 'yar gidan manya a Jefferson, garin da marubucin ya ƙirƙiro a jihar Misisipi ta ƙasar Amurka. Da jana'izarta ya buɗe labarin, sannan ya shiga tsalle gaba da baya cikin shekarun rayuwarta. A nan za ka ji wani wari ya taɓa tashi daga gidanta, har maza huɗu suka lallaɓa cikin dare suka barbaɗa farar ƙasa a kewayen gidan, don ba mai iya tunkarar mace irinta da wannan magana. Can gaba sai ka ji ubanta ya rasu, ta kwana uku tana cewa bai mutu ba. Sai kuma wani saurayi ɗan jihohin arewa na Amurka, Homer Barron, mai kula da leburorin aikin hanya, wanda aka yi ta ganinsu tare. Ta je kantin magani ta sayi guba, ta ƙi faɗin abin da za ta yi da ita. Saurayi ya shiga gidan wani maraice, ba a ƙara ganinsa ba.

Bayan an binne ta aka ɓalle wani ɗaki a sama da ya shekara arba'in a rufe. Ga ƙwarangwal ɗin Homer a kan gado. A filon da ke gefensa akwai shatin kai, da silin furfura guda ɗaya.

Da Faulkner ya jera abubuwan nan yadda suka faru, saurayi, guba, ɓacewa, wari, ko yaro zai gane inda aka dosa. Sai ya sa warin ya riga gubar zuwa kunnen mai karatu, ya raba su da zancen mutuwar uba. Bai yi maka ƙarya ko sau ɗaya ba, bai kuma rage maka hujja ba. Wurin zamansu kawai ya sauya. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin da ya zaɓa. Mai ba da labarin “mu” yake cewa, wato mutanen gari, masu gulma da leƙe da tausayi na fatar baki. Su suka shaƙi warin, su suka san an sayi gubar, sun ma san da ɗakin, amma suka jira sai da ƙasa ta rufe idonta. Idan ka kai ƙarshe, sai ka ga ashe ba Emily kaɗai ce ta ɓoye gawar ba.

Wannan salo shi masana adabi ke kira Gotik na Kudu, kuma kudun da ake nufi shi ne jihohin kudu na ƙasar Amurka, irin su Misisipi da Jojiya da Luwiziyana da Alabama. Labaran ban tsoro na Turai sun dogara da tsofaffin fadoji da gidajen ibada na dutse. Marubutan nan ba su da waɗannan, amma suna da abin da ya fi su nauyi: manyan gidajen iyayen gijin bayi da suka zama kufai, gandayen auduga, fadamu masu duhu, da zafi mai sa mutum ya ƙosa da ransa. Kafin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, bayi kusan miliyan huɗu ne a ƙasar. Kudu ta sha kashi, bauta ta ƙare a doka, sai wariyar launin fata ta gaje ta. Gidaje da yawa sun tashi da abin da ba a faɗa: kakan da ya haifi 'ya'ya da baiwarsa ya ƙi karɓarsu, ko kisan da gari duka ya kalla aka yi shiru. Marubuci a irin wannan ƙasa ba ya buƙatar ƙirƙiro dodo.

Shi ya sa fatalwa, idan ta shigo, ba ta zuwa da ihu da ƙarar ƙofa. Jesmyn Ward, 'yar garin DeLisle a Misisipi, ta nuna yadda ake yi a littafinta Sing, Unburied, Sing na 2017, wanda ya ba ta babbar kyautar adabi ta ƙasar karo na biyu. Wata uwa, Leonie, ta ɗauki yaranta biyu a mota za su ɗauko ubansu da aka sallama daga Parchman, gidan yarin gaske wanda aka daɗe ana sa fursunoni, galibi baƙaƙen fata, noman auduga a ƙarƙashin bulala. A hanyar dawowa sai motar ta ƙaru da fasinja: Richie, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya mutu tun zamanin da kakan yaran, River, yake ɗaure a can. Jojo, ɗan shekara goma sha uku, yana ganinsa a naɗe a ƙasan kujera. Ƙanwarsa Kayla ma haka. Manya ba sa ganinsa.

Richie bai zo cutar da kowa ba. Tambaya ce ta kawo shi, so yake ya san yadda ya mutu. Shi kuwa kaka ya sha ba Jojo labarin yaron, guntu-guntu, kullum sai ya tsaya kafin ƙarshe. A nan sirri da gaibu suka zama igiya ɗaya. Aikin da ɗan sandan ciki ke yi a littattafan binciken kisa, fatalwa ce ke yin sa, ta kafe sai an buɗe baki. Da amsar ta fito, sai ga shi kakan ne da kansa ya kashe Richie, saboda yaron ya gudu daga Parchman, taron Turawa na biye da sawunsa, kuma kakan ya san irin azabar da za su gana masa kafin su bar shi ya mutu. Ka samu wanda ya yi kisan, amma ba ka san ina za ka kai ƙara ba.

Akwai wata dabara da gwanayen ke yi wadda ba kowa ke lura ba: suna barin ƙofa a buɗe ga mai shakka. Leonie tana ganin yayanta Given, wanda wani Bature ya harbe, amma galibi sai ta yi mankas da ƙwaya. Gaibu ne ko maye? Ward ta daɗe tana jan ka kafin ta nuna inda ta karkata. Toni Morrison ma haka ta yi a Beloved na 1987, da ta gina kan labarin Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentaki a 1856, ta kashe 'yarta da aka zo kama su. A littafin, budurwar da ta ɓullo a ƙofar gidan uwar da ta kashe 'yarta, wasu masu karatu na cewa jaririyar ce ta dawo, wasu na cewa wata ce daban da wahala ta gusar wa hankali.

Masu kwaikwayo sun yi yawa, musamman a fina-finai. Za su kawo maka tsohon gida da fadama da mahaukacin mai wa'azi, su watso fatalwa a tsakiya, amma in ka tambayi wane haƙƙi take bi, kuma a wuyan wa, babu amsa. Faulkner bai ma sa fatalwa ko ɗaya a labarin Emily ba, kuma har yau ana karantar da shi a makarantun Amurka.