Katin da Ba Ya Hawa Sikeli

A cikin adakar kakana a Argungu akwai wata tsohuwar jakar fata da yake ajiye takardunsa masu daraja: takardar gonarsa ta fadama, rasiɗan haraji, da katunan jam'iyya guda shida. Ranar da ya buɗe mini ita, bayan na kammala jami'a, sai ya zaro mafi tsufa daga cikin katunan, wanda ya yi jawur saboda shekaru, mai ɗauke da hoton mabuɗi, alamar PRP ta Malam Aminu Kano. Ya ce, "Jikana, ka ga wanga? Shi ɗai nis saya da kuɗina. Sauran duk kawo mini su anka yi har gida." Na ce, "Kaka, ashe ba kai ka shiga sauran ba?" Ya yi murmushi ya mayar da jakar mazauninta, bai ce komai ba. Wannan shirun nasa shi ne ya sa ni rubuta wannan sharhi.

A matsayina na ɗalibin adabi, an koya mini in yi wa kowane rubutu tambayoyi uku: wa ya rubuta shi, wa aka rubuta wa, kuma wa zai iya shaidar gaskiyarsa. Katin jam'iyya ma rubutu ne, ko da yake bai wuce tafin hannu ba. Yana ɗauke da suna da hoto da lamba da mazaɓa da sa hannun shugabanni, kuma jimla ɗaya tak yake furtawa: wane namu ne. Ra'ayina shi ne, a yadda ake bayar da shi a yau, wannan jimla ba ta da mai shaida, domin wanda ya rubuta ta shi ne kuma alƙalinta.

A takarda, tsarin ba shi da aibi. Mutum zai je ofishin mazaɓarsa ko rumfar zaɓensa da ƙananan hotuna, a cike masa fom, a shigar da sunansa a littafin rajista, a yage rabin takardar a ba shi, rabin kuma ya zauna wurin jam'iyya. Jihar Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma a kowace mazaɓa ana sa ran samun irin wannan littafi. Sashe na 77 na Dokar Zaɓe ta 2022, a lokacin da dokar take aiki, ya wajabta wa kowace jam'iyya ta ajiye rajistar 'ya'yanta a takarda da kuma a kwamfuta, ta miƙa wa hukumar zaɓe, INEC, aƙalla kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani ko taron zaɓen shugabanninta. Sai dai miƙa littafi daban, tantance abin da ke cikinsa daban. Katin zaɓe na INEC yana haɗe da zanen yatsa da hoton fuska, kuma a zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta duba mai riƙe da shi. Katin da ke jakar kakana kuwa, babu abin da ke bayansa sai alƙalamin sakataren mazaɓa.

Ba jita-jita nake faɗa ba, da hannuna a ciki. Wani dare a Birnin Kebbi, lokacin ina zaman jiran aiki, wani abokina ya kira ni in taimaka da rubutu, wai hannuna yana da kyau. Na tarar da samari huɗu a wani zaure, ga damin fom na wata jam'iyya, ga leda cike da ƙananan hotuna. Aikinmu shi ne mu kwafi sunaye daga wani jeri, mu liƙa hoto, a buga hatimi. Na cike kusan sittin kafin hannuna ya faɗa kan hoton wata dattijuwa da na sani a unguwarmu ta Argungu, mai gyaran shinkafa. Na san ta ba da hoton ne a lokacin da aka ce za a raba taki. A daren nan ta zama 'yar jam'iyya tana barci a ɗakinta, ni kuma na karɓi ɗan abin da aka ba ni na sa aljihu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mai karatu zai iya cewa, mece ce illar suna a littafi? Illar tana cikin Tsarin Mulkin 1999, wanda bai yarda kowa ya tsaya takara ba sai ɗan jam'iyya da jam'iyyarsa ta tsayar. Ke nan, kafin ranar zaɓe an riga an yi wani zaɓen, wanda shi ya tace sunayen da za mu gani a ƙuri'a. Idan 'yar tinƙe za a yi, masu kati ne ke shiga layi. Idan wakilai ne za su zaɓa, daga tarukan mazaɓu suke fitowa, kuma masu kati ne ke halartar waɗannan taruka. Duk wanda littafin rajista ke hannunsa, shi ke da mazaɓa. Mai mazaɓu kuwa shi ke da jam'iyya. Shi ya sa rigimar 'yan siyasa takan fara tun ranar rabon fom, inda wani ɓangare zai koka cewa ba a kai masa isasshe ba.

Mu Kabawa mun ga inda irin wannan jayayya ke kaiwa. A watan Yunin 2022 Sanata Adamu Aliero da Sanata Yahaya Abdullahi, ɗan Argungu wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, suka bar APC zuwa PDP, suna kukan yadda aka gudanar da zaɓukan shugabannin jam'iyyar a jiha. Dukansu sun ci kujerunsu a 2023, sannan a watan Mayun 2025 suka koma APC. Ba aikina ba ne in ce wane ke da gaskiya. Abin lura a wurina shi ne, babu wani littafi da ɓangarorin biyu suka amince da shi da za a buɗe ya raba gardama. Maƙwabciyarmu Zamfara ta biya farashi mafi tsada: a ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke nasarorin APC a jihar baki ɗaya, saboda ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba.

Kotu ma ba ta cika shiga cikin littafin ba. A Kano, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige Gwamna Abba Kabir Yusuf a watan Nuwamban 2023 bisa hujjar cewa sunansa ba ya cikin rajistar NNPP. A ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, tana mai cewa zama ɗan jam'iyya lamari ne na cikin gidan jam'iyya. Hukuncin yana da hikimarsa, domin ya hana a ƙwace zaɓin jama'a saboda takarda. Amma ya kuma nuna mana cewa idan jam'iyya ba ta gyara littafinta ba, da wuya wani ya gyara mata.

A nan ne Argungu ke da darasin bayarwa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a garin, kuma duk yawan masuntan da suka faɗa Matan Fada da homa da gora, babu wanda ke cin gasa da fatar baki. Sai an ɗora giwan ruwansa a sikeli a gaban jama'a. Bayan sabunta rajistar da ta fara a watan Fabrairun 2021, APC ta ce tana da 'ya'ya sama da miliyan 40. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ɗan takararta ya yi nasara da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794 da ɗoriya. Ba ita kaɗai ke ambaton manyan alƙaluma ba, kuma ba kowane ɗan jam'iyya ke fita zaɓe ba. Duk da haka, tazarar ta isa ta sa mai hankali ya nemi sikeli.

Wasu na ganin rajista ta intanet ce magani, kuma PDP ta ƙaddamar da irinta a 2021. Ban raina wannan ba, musamman idan an haɗa kati da lambar shaidar ɗan ƙasa ta yadda mutum ɗaya ba zai zama uku ba. Amma kwamfuta abin da aka zuba mata take riƙewa. Da a daren nan waya aka ba ni maimakon biro, da dattijuwar nan ta shiga jam'iyya cikin sauri fiye da haka. Gyaran da nake gani ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi ɗaci. Na farko, kada a ba kowa kati sai ya zo da ƙafarsa. Na biyu, a liƙa rajistar kowace mazaɓa a bangon ofishinta na wasu kwanaki, kamar yadda INEC ke baje rajistar masu zaɓe, domin maƙwabci ya ga sunan mamaci ko na wanda bai san da zancen ba. Na uku, ɗan jam'iyya ya riƙa biyan ɗan kuɗin wata, komai ƙanƙantarsa. Na san za a ce talaka ba shi da shi. Amma jam'iyyar da attajiri ɗaya ke biya wa hayar ofis da kuɗin buga kati, gonarsa ce, sauran kuwa 'yan ƙwadago ne.

Kakana ba mai arziki ba ne a lokacin da ya sayi katinsa, kuma jam'iyyarsa ba ta ci jihar Sakkwato a 1979 ba. Amma cikin katuna shida, shi kaɗai yake kira nasa. Ni kuwa har yau ban yanki katin kowace jam'iyya ba. Duk lokacin da na wuce ƙofar gidan dattijuwar nan muka gaisa, ta ce, "Ɗana, ya karatu?" sai in tuna cewa akwai wani littafi da ke ɗauke da sunanta da rubutun hannuna, kuma ban san sau nawa aka ƙidaya ta ba.