Zamani Ba Ya Cin Amana, Mutum Ne Ke Ci

Tun farkon wannan ƙarni, marubutan ƙagaggun labarai na Turanci sun yawaita komawa shekarun 1950 da farkon 1960 idan za su yi magana a kan auren ƙuruciya da sha'awa da cin amana. Dalilin a fili yake, domin a wancan lokaci igiyar aure tana da wuyar tsinkewa: alal misali, tsarin mulkin Ailan na 1937 ya haramta saki, kuma haramcin bai kau ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1995, saboda haka kuskuren rana ɗaya yakan bi mutum har kabari.

Illar wannan yayi ita ce ɗora wa zamani laifin da ya kamata taurarin labari su ɗauka, har mai karatu ya rufe littafi yana ganin mutanen da duk fursunonin al'ada ne. Ko On Chesil Beach na Ian McEwan, wanda ya fito a 2007, bai tsira gaba ɗaya ba, domin tun daga farkonsa an jingina rushewar auren Edward da Florence a daren farko, cikin 1962, ga kunyar zamanin da ta hana ma'aurata tattauna sha'anin shimfiɗa.

Brooklyn na Colm Tóibín, wanda aka buga a 2009, ya fi riƙe gaskiya. Eilis Lacey, budurwa daga garin Enniscorthy na Ailan, ta yi ƙaura zuwa Amurka, da rasuwar yayarta Rose ta sa dole ta koma, ta auri saurayinta Tony a ɓoye, sannan ta dawo gida, inda ta bar Jim Farrell yana nemanta ba tare da ta gaya masa cewa ita matar aure ce ba, wasiƙun mijinta kuwa ta ajiye su ba ta buɗe ba. Babu dokar da ta tilasta mata wannan shiru, kuma marubucin, duk da tausayinta da yake sa wa mai karatu, bai wanke ta ba. Hasali ma ba nadama ce ta mayar da ita wurin Tony ba, sai da Miss Kelly, mai kantin da ta taɓa yi wa aiki, ta nuna mata cewa asirinta ya tonu. Wannan ƙin yi mata uzuri shi ya sa Brooklyn ya yi wa takwarorinsa zarra.