Tubali da Yaɓe: Nazarin Ginin Ƙasa a Birnin Zazzau

Wanda ya taso daga Tudun Wada zai shiga birni, Ƙofar Doka ce mashigarsa. A bayansa ya bar garin da Turawan mulki suka yanka layi-layi a farkon ƙarni na 20, domin baƙi 'yan Arewa, ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ba haifaffun Zazzau ba. A gabansa kuwa birni ne da ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, wanda lungunansa ke bin gidajen zuri'a da unguwannin sana'a. Hanyoyin da suka shigo ta Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai da sauran ƙofofi, duk tsakiya suka nufa, inda fada da masallacin Juma'a suke maƙwabtaka.

Ganuwa, fada, masallaci, soron attajiri da ɗakin talaka, duk da abu guda aka tayar da su, wato ƙasar da ake takawa. Kududdufan da ke warwatse cikin birni su ne ramukan da aka haƙo ta. Masu rubutu kan Zazzau sun fi son tsayawa kan Turunku da Kufena da Sarauniya Amina, sai su gangaro kan shigowar Malam Musa a 1808 da ficewar Sarki Makau zuwa kudu, inda danginsa suka kafa Abuja ta farko, Suleja ta yau. Wannan duk tarihi ne mai kyau. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: ta yaya birnin da ruwan sama ke narkar da shi kowace damina ya kai shekaru ɗaruruwa yana tsaye? Amsar tana hannun magina, kuma tana cikin wata al'ada da ba a ɗauke ta a bakin komai ba sai da ta fara ɓacewa, wato yaɓe.

A fara da gwanin gwanaye. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846 kuma shi ne tushen gidan Katsinawa, aka gina masallacin Juma'a na birni. Maginin da ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu littattafai ke kira Malam Mika'ilu, duniya kuma ta san shi da Babban Gwani. Har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni, kuma sarautar Sarkin Magina a zuriyarsa ta zauna. Shi ake jingina wa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Akwai kuma labarin baka da ke cewa wani sarkin Birnin Gwari ya sa ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Irin wannan labari ana ba da shi kan manyan magina a ƙasashe da dama, don haka ba abin kafa hujja ba ne. Abin da yake nunawa kawai shi ne yadda mutane suka ɗauki hannun mutumin.

Don a gane abin da ya yi, sai an san da me ya yi shi. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, lebura su shiga su tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tashi har ta yi danƙo. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa, kai tsukakke, a shanya a rana. Magini yana zaune bisa bango kamar mahayin doki, yaronsa na ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya-ɗaya, yana cafewa yana dasawa, kai sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango kan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Da rani ake wannan aiki, domin kowane sahu sai ya sha iska kafin a ɗora masa wani.

Matsalar tana wajen rufi. Azara, wato tsagin giginya, ita ce itacen da gara ba ta cika damunsa ba, amma idan tazarar da za ta haye ta kai wajen mita 2 sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. To yaya za a rufe zauren da zai ɗauki sahun masallata? Dabarar magina ita ce bakan gizo. Ana dasa azara cikin bango ta wannan gefe da wancan, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ɗan zarce, a sake ɗaura wata ta ƙara zarcewa, kowane mataki a lulluɓe shi da ƙasa a jira ya bushe, har hannuwan biyu su gamu a sama. Idan bakuna suka gicciya juna suka ɗauki tulluwa, shi ne ɗaurin guga, kuma sau da yawa akan manna tasa ko faranti a daidai mahaɗar. Azarar da ke ɓoye cikin ƙasar aikin rodi take yi a cikin kankare, tun kafin a san kankare a ƙasar Hausa. Babban Gwani ya ɗauki wannan dabara ta ɗakin attajiri ya kai ta iyakar abin da ƙasa da giginya za su iya. Ginshiƙai masu kauri, bakuna suna fita daga jikinsu ta fuskoki daban-daban, zayyana mai zurfi ta layuka da kusurwoyi a jikin ginshiƙan, babu tarkacen ado. Wanda duk ya taɓa ɗaga kai a ciki ya san nauyin wurin.

Sai dai ranar da aka gama irin wannan gini ba ita ce ranar da aikinsa ya ƙare ba. Rufin soro yana son laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Bango yana son makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Indararo yana son a duba shi kafin ruwan farko, don idan ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, an shiga uku. Zanko da rawanin gini su ne ruwa ke fara ci, su ake fara gyarawa. Duk shekara ko shekara biyu, kafin damina ta sauka, maigida zai kira magini a yi yaɓe, a bi bango da tafin hannu, har ka ga shatar yatsu a jikinsa bayan ya bushe. Mai yin wannan aiki ba fenti yake shafawa ba. Hannunsa na jin inda bango ya yi kururu, idonsa na ganin tsagar da ba ta nan bara. Yaɓe gyara ne, kuma shi ne binciken lafiyar gini.

Duba jerin kayan nan da kyau, za ka ga ginin ƙasa bai taɓa tsayuwa shi kaɗai ba. Yana jingine da marina, da majema, da dajin giginya, da ɗorawar gona, da sarkin da zai iya kiran gayya a gyara ganuwa. Da karofi suka mutu, katsi ya yi wuya. Giginya ta yi nisa, azara ta yi tsada. Bayan Turawa sun karɓe Zazzau a 1902 ganuwa ta rasa aikin tsaro, aka daina yi mata gayya, masu neman ƙasar gini suka riƙa gutsurarta. Sana'ar ba ta faɗi don bulo ya fi ta kyau ba. Ƙafafun da take tsaye a kansu aka zare ɗaya bayan ɗaya.

Abin sha'awa, a daidai wannan lokaci ne adon fuskar gida ya yi tashen da bai taɓa yi ba, kuma Tudun Wada na da babban rabo a ciki. Ɗan kasuwar da ya samu kuɗi a zamanin gyaɗa da auduga, ba shi da sarauta ba shi da asali a birni, sai ya sa ƙofar zaurensa ta yi magana a madadinsa: dagi, takobi, keke, agogo, mota, har jirgin sama, a fito da su ɓaro-ɓaro a shafe da launi. Anthony Kirk-Greene ya yi ɗan littafi kan waɗannan gidaje na Zariya a 1963, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana nazarinsu. Ni a ganina adon nan, duk da kyansa, shi ne farkon rabuwar fata da jiki. An koma shafa siminti a kan bangon ƙasa don a huta da yaɓe. Siminti kuwa ba ya numfashi tare da ƙasa. Ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, danshi ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa na sheƙi, sai wata rana cikin Agusta a ji rugum.

Shi ma masallacin Babban Gwani a shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na zamani, tsohon ya koma ciki. Masu wannan shawara suna da hujjarsu: jama'a ta ƙaru, kuma rufin ya tsare ƙasar daga dukan ruwa kai tsaye. Mai yiwuwa ma ba don shi ba da ginin bai kai ƙarni na 21 ba. Amma an yi hasarar siffarsa ta waje, wadda yanzu sai a hotuna da zanen Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan da ya auna shi, da kuma kwafinsa da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. An kuma yi wata hasarar da ba a gani a hoto: ginin da ba ya bukatar yaɓen waje ya daina kiran magina duk shekara. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufto, mutum aƙalla bakwai suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Daga baya aka kafa gidauniyar sake gina masallacin.

Akwai wani tsohon birni a kudancin Indiya da ya kamata mu leƙa, ba don addininsu ba, don yadda suke riƙon gini. Madurai, a jihar Tamil Nadu, a bakin kogin Vaigai, an tsara shi ne kewaye da wurin bautar Minakshi mai hasumiyoyin ƙofa 14. Titunansa zobe-zobe ne masu kusurwa huɗu, wasu ma sunayen watannin Tamil suke ɗauke da su, saboda bukukuwan da ake zagayawa ta cikinsu. Su ma sun rasa ganuwarsu, domin a wajen 1837, lokacin da ake ɗaura bakan gizo a Zazzau, wani jami'in Ingila mai suna Blackburn ya sa aka rushe ta aka mai da gurbinta tituna. Hasumiyoyin kuwa samansu tubali ne da farar ƙasa, rana da ruwa na cin su kamar yadda suke cin namu. Bambancin shi ne al'adarsu ta ɗora musu sabunta ginin duk bayan shekara 12, a kafa katakai, a gyara, a sake launi, a yi biki. Ba kullum suke cika wa'adin ba, kuma a 2018 gobara ta cinye wani zaure na wurin, don haka ba waliyyai ba ne wajen kula. Amma tun da gyaran yana da lokaci sananne, gwanayen ginin suna da dalilin koya wa 'ya'yansu, har gwamnati ta buɗe musu makaranta a Mamallapuram tun 1957. Kusa da mu ma, mutanen Jenne a Mali suna fita ƙwansu da kwarkwatarsu duk shekara su yaɓe babban masallacinsu, wanda ginin yanzu na 1907 ne, magina na gaba jama'a na miƙa ƙasa.

Ba na cikin masu zargin maigidan da ya rushe soron kakansa ya sa bulo ya buga kwano. Ya yi lissafi ne: kuɗin yaɓe duk shekara, ga maginin ƙwarai ya yi ƙaranci, ga fargabar kwana ƙarƙashin rufin ƙasa a tsakiyar damina da 'ya'ya. Masu kukan an bar al'ada galibi a gidan siminti suke kwana. Tun asali ma ba talaka ne ya riƙe ƙololuwar wannan sana'a ba. Fada ce da masallaci da attajirai suke ba da aikin da ke sa gwani ya zama gwani, yaransa su koya a gindinsa. Idan waɗannan suka koma wajen ɗan kwangila, babu inda za a ƙara ɗaura guga, komai yawan takardun da ɗaliban sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello za su rubuta a kai. Hamman Tukur Saad ya zauna da magina ya rubuta yadda suke tunani da yadda suke auna kyau tun farkon shekarun 1980. An adana ilimin a takarda, hannun da zai aikata shi ne ba a ba aiki ba.

Cewa zamani ya wuce ginin ƙasa kuwa, maƙwabtanmu na Nijar sun ƙaryata. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya riƙa ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi cikin shekaru, har aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, da jama'a suka bukaci masallaci mafi girma, ba su rushe tsohon ba kuma ba su binne shi cikin kankare ba. Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Cikin waɗanda aka kira aikin gyaran har da maginan da suka sa hannu a ginin farko, matasan garin na yi musu lebura.